Ƙugiya

Ubana maƙeri ne, Sallau na Harbo,
lauje yake yi, da fartanya, da tsitaka.
In gugan wani ya tsinke da hantsi
ƙofarmu ake sallama, aron ƙugiya.

Ni ban gaji zuga-zugi ba, hayaƙi
tari yake tayar min. Sai na bi Malam Jatau
mai fentin allon shago da bayan a-kori-kura.
Shekara uku ina wanke masa buroshi da kananzir
kafin ya bar ni na ja wasali ɗaya.

A kasuwar Jahun na fara ganin abin:
buhun taki, bugun birni, fes da shi,
"Albarkar kasa."
Manoma na ciniki, ba ruwansu,
ni na tsaya ina ta dariya.
Ƙasar da muke nomawa an fige mata ƙaho,
ta tashi macijiya.

Katin sunan ɗan yayata Kande ya kashe dariyar.
Gurbin "ɗa" akwati ne fanko,
kamar an haƙa tushe an fasa ginin.
Mai injin ya ce na'ura ba ta san su ba.
Na hau acaɓa na koma gida
da maganar a maƙoshi, kamar ƙaya.

Tumaki biyu da buhun riɗi
suka zama kwamfuta ta hannu, mai tsagaggen gilashi.
Caji wajen Ɗanlami, naira ɗari.
Sabis sai bayan firamare, a kan suri,
ina ɗaga waya sama kamar mai duban wata
yara na bi na da ihu a baya.

Ɓ ta ba ni haɗin kai, ɗ ma da sauƙi.
Ƙ ce ta ci min wata goma sha ɗaya.
In na ja ta, ta sunkuya kamar mai neman bashi,
in na rage, sai ka ce kashin ƙuda.
Na goge, na sake, na goge,
har ido ya fara yi min ƙaiƙayi da tsakar dare
ni da fitila da kukan mujiya.

Wata la'asar Baba ya leƙo, hannu duk gawayi.
Bai san boko ba, ko bihim.
Ya daɗe yana kallo, ya yi tsaki:
"Wannan ba za ta kamo guga ba.
Bakinta ya buɗe da yawa."
Ya durƙusa, ya zana a ƙasa da ɗan yatsa,
lanƙwasa guda, ya karkaɗe hannu,
ya koma wajen wutarsa ba waiwaya.

Ita na ɗauka. Sunansa na sa wa baƙaƙen.
Bai kai ga ganin su a takarda ba.

Yanzu suna jikin allon asibitinmu,
da littafin 'yan aji biyu,
wani daga Damagaram ya bugo ya yi godiya.
Kuɗi dai ga su nan, ba yabo ba fallasa.
Har yau in an tambayi Inna sana'ata
cewa take, "Yana ɗaki, yana latse-latse,
Allah dai ya bar mu da lafiya."

Ta ƙarfen tana nan, rataye a zaure.
Ko da asubar jiya an yi sallama:
gugan Laraba ya tsinke.
Na sauko da ita, na hure ƙura,
na bi yarinyar har bakin rijiya.