Mutum Na Sha Bakwai

Ni ne ɗigon nan da ya kauce wa layi
a zane na uku, shafi na shida.
Veikko Hyttinen, direban bas a Kuopio.
A takardarta kuwa ba ni da suna,
sha bakwai kawai.

Sanarwa na gani manne a ƙofar kanti,
yau shekara goma sha takwas:
ana neman masu ƙiba da marasa ita,
akwai kofi, akwai kuɗin mota.
Kuɗin mota, ni da nake tuƙa motar!
Kofin ne ya kai ni.

Ta zaunar da ni a ɗaki mai sanyi, daga ni sai singileti,
ƙafa ɗaya cikin bokitin ƙanƙara,
a tsoma, a cire, a tsoma,
har awa biyu.
Na ce, "Dakta Rautakorpi, in sanyi kike nema
ga tafkin Kallavesi can ya daskare, kyauta."
Ko murmushi. Agogo take kallo.

Can ta juyo mini da allon kwamfuta.
Jikina duk duhu, sai a gindin wuya
wuri biyu sun yi ja kamar garwashi.
Ta ce, "Kitse ne, amma ba na ajiya ba.
Farin kitse rumbu ne, tarawa ya sani.
Wannan mai ruwan ƙasa murhu ne,
maiƙo yake ci don ya ɗumama ka.
Naka ya fi na kowa wuta, ban san dalili ba."

Rogo ake yi wa kallon kitse.
Ita ta tarar ana yi wa kitse kallon rogo,
abin da ake tsuke ciki a ɓoye in za a ɗauki hoto,
sai ta ja kujera ta zauna kusa da shi
shekara talatin tana sauraro.

Bara 'yata Tuulikki, mai karatun jinya,
ta miƙo mini waya muna cin dankali:
"Baba, takardar da kake ciki,
sau dubu uku da ɗari takwas da arba'in da ɗaya aka ambace ta."
Na ce su wa?
Ta ce wasu a Osaka, wasu a Recife, wata mata a Tartu,
kowa ya taka ta ya leƙa gaba.
Har waɗanda suka ce ta yi kuskure,
su ma ana ƙirgawa da su.
Na dubi tumbina. Yana nan yadda yake.
Sukarin matata ma bai ji labari ba,
kullum da safe sai ta soki yatsa.

Ran Talata, duhu tun ƙarfe uku,
wata tsohuwa ta hau bas ɗina da sanda da jakar kifi.
Fuskata ba ta ce mata komai ba.
Na ce, "Sha bakwai."
Ta tsaya, katinta a hannu.
"Kai ne ka ɓata mini layi.
Masu tace takarda sun ce in cire ka, na ƙi.
Wata uku muna musu.
Yanzu akwai yaro a Uppsala,
digirinsa kacokan a kan irinka ne."
Na ce, to ya gano?
Ta ce, "Tukuna."

Mutane na jira a baya, dusar ƙanƙara na shigowa.
Na rufe ƙofa, na ƙara mata ɗumi.
Ta sauka a tasha ta biyar ba sallama.

A jan wuta na sa hannu cikin kwalar rigata,
na lalubi gindin wuya.
Ban ji komai ba, sai fata da ɗumi,
har na baya ya danna mini ham.