Biyu Zuwa Takwas

Kullum da asuba, kafin in ɗora ruwan koko,
nakan buɗe ɗakin ƙuryar asibiti
in gai da firiji kamar mai gai da surukai.
Biyu zuwa takwas, haka aka ce mini.
Ƙasa da biyu, magani ya daskare ya mutu,
sama da takwas, ya dahu ya mutu.
A ƙasar Sakkwato, inda inuwa ma gumi take yi,
ni aka ba amanar sanyi.

Rana ke ciyar da shi ta faifan da ke kan rufi.
Wadda ke gasa mu, ita ke haifa mana ƙanƙara.
Ran Juma'a nakan hau tsani da tsumma
in goge kashin tattabarun liman,
yara na ƙasa suna yi mini dariya.

Bana gulbin Rima ya tashi da fushi.
Daren Talata ya haɗiye gadar Tungar Dikko,
ya kwashe shinkafar fadama tana da ciki,
ya shiga ɗakin Ige ya fito da tabarmarta.
Kwana tara ba mota.
Kwalabe suka yi ta raguwa ina ƙirgawa,
har firiji ya koma sanyaya iska.

Ran na goma direba ya kira daga ƙetare:
"Malama, iyakata ke nan, ba ni da fiffike."

Arzika masunci ne ya je.
Bai san baƙi ba, bai san digiri ba.
Na ce masa, kada ka buɗe, kada rana ta gan shi.
Ya tuɓe rigarsa, ya tsoma a ruwa,
ya lulluɓe shuɗin akwatin a tsakiyar kwalekwale,
ya tuƙo da baya tsirara,
yana kauce wa kan bishiyoyin da jiya muke zama ƙarƙashinsu.
Da ya iso ya ce, "Wanga abu, mi ac ciki?"
Na ce, allurar tsai da jini.
Ya ce, "Ashe jini ma yana jin magana."

A daren nan Kulu ta haihu.
Jini ya ɓalle kamar ya ga gulbi ya yi sha'awa.
Na fasa kwalba hannuna na rawa,
fitilar waya a bakin ungozoma.
Muka jira.
Ya ji magana.

Bara war haka Hajo ce a kan gadon nan,
firiji na aiki, amma ba kowa a ciki.
Ban rubuta wannan ko'ina ba.

Da ruwa ya janye baƙi suka zo da farar mota,
mutanen kirki, da huluna da takardu.
Kwalba nawa ta iso? Nawa ta lalace?
Na faɗa, suka cike gidajen.
Na duba takardar sama da ƙasa,
ba gidan da za a sa rigar Arzika.

Suka tambayi itatuwan da suka ba mu mu dasa a gaɓa.
Arba'in ne, gawo da bagaruwa.
Awaki sun ci rabonsu, ruwa ya ɗauki nasa,
sha ɗaya suka tsaya, laka har wuya.
Wata ta ce kaɗan ne.
Na ce, Hajiya, inda suka tsaya
gaɓar ba ta zabge ba, je ki gani.
Ta je, takalminta ya nutse, ta daɗe a can.

Yanzu da ruwan alwalata nake shayar da na kusa.
An raɗa wa 'yar Kulu suna,
Arzika ya samu cinyar rago da sabuwar riga,
ya ce ta yi kyau da yawa, ba ta jiƙawa ba ce.

Gobe ma da asuba zan buɗe ɗakin.
Yau dai biyar na gani.
Na rubuta biyar, na sa hannu,
na je na ɗora ruwan koko.