Taƙi Uku da Yatsa Biyu

Shekara talatin ina awon mutane a Ambursa,
kafaɗa, wuya, tsawon hannu,
ban taɓa auna sama ba sai bana.

Ranar da Arzika ya tashi
na tsaya bayan shingen filin jirgi,
tef rataye a wuyana, na manta ban cire ba.
Jirgin ya sheƙa kamar an koro shi,
ya ɗaga hanci, ya bi ta kan fadama,
ya koma allura,
allurar ta nutse cikin farin yadi.

Da la'asar na je wurin Malam Nomau na firamare
na ce ya nuna mini Malesiya.
Ya sauko da taswirar da gara ta ci gefenta,
ya ɗiga alli nan, ya ɗiga can.
Na buɗe hannu na auna:
taƙi uku da yatsa biyu.
Ko wandon yaro ba zai fita ba!
Malam ya yi dariya har da tari,
ya ce kilomita dubu goma ne da ɗoriya
in tsuntsu ya miƙe bai ratse ba,
jirgi kuwa ba ya miƙewa,
sai ya sauka Abuja, ya sauka ƙasar Larabawa,
kamar ɗinkin hannu, a soka nan a ɓullo can.

Ni dai Jega na sani, da Argungu,
Kamba sau biyu, saboda shadda.
Dubu goma ta ƙi zama a kaina.

Abin da ya zauna shi ne
ina sallame asuba, shi rana ta raba tsaka,
ina kunna fitila in ƙarasa aiki, shi ya yi nisa a barci.
Tumba ta daina tambayar ƙarfe nawa,
sai dai, "Can ƙarfe nawa?"
Tuwo kuwa har yau na mutum biyar take tuƙawa.

Ran nan a waya ya ce,
"Baba, mu nan yamma muke kallo in za mu yi salla."
Keke ya tsaya ƙarƙashin ƙafata.
Ni gabas, shi yamma.
Ashe duk watannin nan fuska da fuska muke,
Ɗakin Allah a tsakani,
ba wanda ya gaya mini.

Ga Salla ta gabato.
Na yanka masa kaftani da awon bara,
wanda na rubuta a bangon shago da gawayi.
Ban san ko ya yi ƙiba ko ya rame ba,
na bar rarar yatsa biyu a kafaɗa.
Wanda zai kai masa, ban samu ba tukuna.

Jirgin yamma ya wuce, kwanon rufi ya karkaɗa.
Tumba ta ɗaga rigar ta ce hannun ya yi gajere.
Na ce, ke kin auna shi ne?
Ta ce ita ta haife shi.
Na ɗauko reza, na fara farke ɗinkin.