Allura Ta Juyo Kaina

Shekara talatin da biyu ina soka allura a yadi
a layin teloli na Kasuwar Barci,
ban taɓa tambayar yadi ko yana jin zafi ba.
Yanzu kowace asuba, kafin in karya,
allura ke neman ɗan yatsana.
Ɗigo guda, ja kamar zaren surfani,
na'ura ta lasa, ta ba ni lamba.

Abin bai yi sallama ba.
Ƙishirwa ce ta fara, irin wadda randa ba ta kashewa.
Dare guda in fita sau biyar, har buta ta gaji da ni.
Wandon da na ɗinka wa kaina da Babbar Sallah
ya soma zamewa. Na rage ƙugu, na sake ragewa.
Ni mai awon mutane, ban auna kaina ba,
sai ranar da kafar allura ta ɓace mini
da rana tsaka, zare a hannu, ina lalube.

Lantana ta ce sammu ne.
Maƙwabci ya ce shawara ce, ya kawo jiƙo a gora.
Na sha ɗaci har harshena ya yi fushi,
ashe zaƙi ne a jini, yana yawo ba masauki.

A Barau Dikko, Sista Rifkatu ta zaunar da ni.
Ta ce, "Baba tela, tuwo in ya sauka sukari yake zama.
Akwai ɗan mabuɗin da ke shigar da shi tsoka,
naka ya yi tsatsa.
Shi ya sa baƙon ya tsaya a waje yana cin bango:
ido, ƙoda, jijiyar ƙafa."
Na gyaɗa kai. Na san kukan keken da ya rasa mai.

A kan bencin nan na ga rabin Kaduna.
Tanimu, direban tashar Kawo, ƙato, yana rantsuwa lafiyarsa lau,
awo kuwa ya ce jininsa ya hau;
wannan ɓarawo ba ya sa takalmi.
Jatau makaniki na dafe da ƙahon zuci,
shekaru yana haɗiyar ƙwayar ciwon jiki a kan yunwa
har ciki ya yi gyambo.
Wata mai juna biyu ta buɗe tafin hannu,
fari fat kamar alawayyo, jini ya yi ƙasa.
Can ƙarshe, yarinya mai sikila, ido ya yi rawaya,
uwarta na lallashi: ƙara kurɓa, Talatu, ƙara kurɓa.
Ba wanda ya san wani,
amma kafin a kira lamba ta tara mun zama dangi.

Yanzu Gambo mai shayi ya daina tambayata cokali nawa.
Malmala ta koma dunƙulen hannu,
zogale da kuɓewa suka karɓe filin kwano.
Da yamma in taka daga Tudun Wada har in hango kogi,
in dawo, in sha magani,
in duba tafin ƙafa a fitila
yadda nake duba bakin riga kafin mai ita ya zo.
Ranar suna nakan kalli alkaki, shi ma ya kalle ni.
Wani sa'in shi ke nasara. Ba zan ɓoye ba.

Jiya Alhaji Shekarau ya kawo shadda.
Na zagaya masa tef, na duba tsohon littafi,
inci huɗu sun tafi, bai san inda suka bi ba.
Ya nemi ruwa sau biyu kafin in gama.
Na ajiye almakashi.
Na ce, Alhaji, rigar za ta jira.
Yadi in ya lalace ana sayo wani,
wannan da muke ciki kuwa, yanka ɗaya aka yi mana.
Gobe da sassafe, kada ka karya,
zan raka ka.