Jan Layi a Aboabo

Bayan sallar isha
Mutawakilu ya miƙo mini waya:
"Baba, bankin nan ya faɗi."

Na ce, rufinsa ne ya rufta?
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Wani jan layi ne siriri
yana gangara kamar ruwan Subin da damina.

Kuɗin goron bara ke nan,
huhu goma sha biyu,
da ya ce mu zuba a hannun jari
can Turai, inda ban san kowa ba.

Ni goro in ya fara ruɓa hancina ke gaya mini,
in tsince, in sake ganye.
Wannan asara ko wari ba ta yi.

Da hantsi, wai layin ya ɗan ɗaga kai.
Ina Kejetia a lokacin,
ina yayyafa wa goro ruwa.