Awon Gidan Baba

Gidanmu na Yelwa, a Garwa,
ƙofarsa na kallon gabas:
ɗaki huɗu, zaure, rijiya,
da mangwaron da Baba ya dasa
shekarar da aka haifi Jaratu.

Bayan sadakar arba'in
aka ce a sayar, a raba.
Yaya Bappa ya bugi ƙirji:
miliyan talatin na sefa, ko dala ba ragi.
Dillali ya leƙo, ya taɓe baki,
ya ce kango ne, goma ma alfarma ce,
ga mai kuɗi can a mota,
in an yi nawa zai wuce.
Jaratu ta daina gaida Bappa.
Ni kuwa na rasa bakin wa zan kama.

Goggo Dudu ce ta ce:
Ko gero sai an zuba shi a mudu,
balle gidan da ubanku ya ɗora bulo-bulo
da kuɗin tuƙin motar auduga.
Ku kira mai awo.

Ya zo ran Talata, Malam Hamajoda,
a kan tsohon babur, da igiyar awo da littafi.
Bai zauna ba sai da ya ga takardar fili,
ya ɗaga ta ga rana, ya duba hatimi.
Ya ƙwanƙwasa bango kamar mai zaɓen kankana.
Ya hau tsani, ya soka wuƙa a azara,
aikin gara ya zubo masa a hula.
Ya tsuguna gindin katanga
ya nuna mana layin da Binuwai ya bari
shekarar da ya kwana a tsakar gidanmu.
Bappa ya kau da kai.

Amma ya ja guga, ya kurɓa, ya rubuta.
Ya taka har bakin kwalta yana ƙirga sawu, ya rubuta.
Ya bi sawun gidan tela da aka sayar bara,
ba kuɗin da ake faɗa a majalisa ba,
wanda aka ƙirga a hannu.
Dillali ya ce bari ya je ya dawo.
Har yau.

Kwana uku, takarda ta iso.
Sha tara.
Abin da gara ta ci, an cire.
Abin da rijiya ta ƙara, an sa.
Bappa ya karanta sau biyu,
ya nemi wanda zai yi wa faɗa, ya rasa,
don alƙalami bai san wa ba, bai san ƙane ba.

Malamar asibitin da ta zo saye
ta buɗe baki za ta taya,
muka miƙa mata takarda.
Ta karanta a tsaye, ta ce, To.

Abu guda na tambaye shi.
A bayan ƙyauren ɗakin Baba
akwai zane-zanen ƙusa,
tsayinmu, kowace Sallah, mu uku.
Na ce, Malam, wannan fa nawa?
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, Igiyata ba ta kai nan ba.
Ku cire shi ku tafi da shi,
zan rage kuɗin ƙyaure ɗaya.

Yana gidan Jaratu yanzu,
jingine da bango, ba ya rufe komai.
Bappa kan je can ran Juma'a.
Wai tuwo yake zuwa ci.