Maɓallai

Habsu ce ta zo da shi daga lakwal,
jaka ɗaya da allo da ragowar gyaɗa.
Jiki zafi rau. Ta ƙi tuwo.
Kashegari uku suka fito a bayan kunne,
da la'asar na ƙirga sha tara,
ƙanana, cike da ruwa, kamar raɓa a ganyen yakuwa.
Na ce ƙarambau ne, ciwon yara,
na koma kan keke na ci gaba da ɗinki.

Majo Harisu bai yi dariya ba.
Ya dubi Tsahara, ya dubi cikinta na wata bakwai:
Kin taɓa yi?
Aka kira gyatumarta a Tibiri,
tsohuwa ta ce dussa dai ta yi, wannan kam ba ta tuna ba.
Ya ce to ta tafi yau, ba gobe ba,
in ta ga ƙurji ko ɗaya ta zo da gudu.
Iska ke ɗaukarsa, tari da atishawa,
ruwan ƙurjin ma haka.
Tun kwana biyu kafin ya fito yake rabon kansa,
baƙo ne da ke cin tuwo kafin ya yi sallama.

Ni ba wanda ya tambaye ni.
Ni ma ban tambayi kaina ba.

Sati biyu cif.
Saura kwana tara Sallah,
shadda goma sha ɗaya a yanke kan tebur,
sai ga ni kwance a Bagalam, shekara arba'in da uku,
zazzaɓi na taka ni kamar yadda nake taka keke.
Sun fito a gemu, a fatar kai, a tafin hannu,
har cikin maƙogwaro inda farce ba ya zuwa.
Ni da na ɗinka wa rabin unguwa maɓalli,
an ɗinka mini ɗari huɗu a dare ɗaya,
babu layi, babu awo.

Habsu ta warke, duk nata sun bushe.
Ita ta zauna bakin tabarma da reza
tana yanke mini farce, tana maimaita karatun Majo:
Baba, kar ka sosa, tabo yake bari.
Baba, parasetamol, ban da asfirin.
Baba, sha ruwa.
Ta shafe ni da farin magani na zama kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa,
ta sa mini safarta ta lakwal a hannu biyu,
sannan ta fita zaure ta yi dariyarta a can.

Iya Ta-Allah ta miƙo ganyen bedi ta kan katanga.
Masu shadda suna tsayawa daga nesa,
su ce Allah ya sawwaƙe,
su tambayi kayansu a hankali.

Da na miƙe na ce, Majo, wannan ba shi da rigakafi?
Ya ce akwai, allura biyu,
sai dai ba ta cikin katin da ake ba jarirai,
nema ake, kuɗi ake biya.
Na yi lissafi a bayan takardar awo:
Sallar da ta wuce ni,
kwana ashirin da ɗaya ina jiran waya daga Tibiri,
kowace ƙara gabana ya faɗi.
Ban iya haɗa jimillar ba.

Tsahara ta dawo fatarta sumul.
Yaron ya zo ranar Laraba, muka sa masa Balarabe.

Tabo uku suka rage mini a goshi.
Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin keke
inda nake tara maɓallan da suka rasa ƴan'uwa.
Na zazzage su.
Yanzu dala ashirin nake jefawa kowace yamma,
kafin ya shekara.